Ƙofar Ƙwaƙwalwa da Sojojin Jiki a Cutar MS

A shekarar 1863 wani Bajamushe masanin cututtuka, Eduard Rindfleisch, ya zauna gaban madubin bincike yana nazarin wasu tabbai masu tauri da suka warwatsu a ƙwaƙwalwar mamaci. Abin da ya ja hankalinsa ɗan ƙarami ne: a tsakiyar kowane tabo akwai 'yar jijiyar jini, cike taf, bangonta ɗauke da alamun daɗaɗɗen kumburi. Shekara biyar bayan haka Jean-Martin Charcot, a asibitin Salpêtrière da ke Paris, ya tattara alamomin cutar ya raɗa mata suna. A 1916 kuma James Dawson na Edinbara ya nuna yadda tabban ke bin hanyar jijiyoyin jini, suna miƙewa daga kogon ruwan da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa, abin da masu karanta hoton MRI ke kira yatsun Dawson har gobe. Tun wancan zamani tambayar ba ta canza ba: me ke fitowa daga cikin jini ya faɗa wa ƙwaƙwalwa, kuma ta wace ƙofa?

Likitoci na kiran cutar multiple sclerosis, a taƙaice MS. Ƙididdigar da ƙungiyar masu cutar ta duniya ta fitar a 2020 ta ce mutum miliyan 2.8 ne ke fama da ita, mata sun ninka maza aƙalla sau biyu, kuma yawanci tana bayyana tsakanin shekara 20 zuwa 40, lokacin da mutum ke ganiyar ƙarfinsa. Garkuwar jiki ce ke juyowa kan mayelin, wani rufi mai kitse da ya nannaɗe jijiyoyin saƙo a ƙwaƙwalwa da laka. Da wannan rufin saƙo kan yi gudun da ya haura mita 100 a daƙiƙa guda. Idan ya zaizaye, saƙon ya yi ta jan ƙafa ko ya katse. Sai budurwa ta wayi gari ido ɗaya ya yi hazo, yana ciwo idan ta juya shi. Wani ƙafarsa ce za ta mutu, wani fitsari ne zai gagare shi riƙewa, wani tafiya ce za ta koma tangaɗi. Da yawa sukan ce zafin rana ko wanka da ruwan zafi na tsananta musu alamomin. Bayan 'yan makonni abin ya lafa, a ɗauka an rabu, sai bayan watanni ko shekaru ya dawo ta wani wurin.

Bai kamata wannan ya yiwu cikin sauƙi ba, domin ƙwaƙwalwa a killace take. Paul Ehrlich ne ya fara cin karo da hakan a 1885, da ya yi wa dabbobi allurar rini ya ga gaɓoɓinsu sun rine, ƙwaƙwalwa da laka kuwa sun tsaya fari. Shi ya ɗauka naman ƙwaƙwalwa ne ba ya kama rini. Ɗalibinsa Edwin Goldmann ya juya gwajin a 1913: ya zuba wani shuɗin rini, irin wanda aka gwada a neman maganin ciwon barci, kai tsaye cikin ruwan da ƙwaƙwalwa ke ciki. Sai ƙwaƙwalwa ta yi shuɗi, sauran jiki bai rine ba. Ashe akwai shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Lina Stern, wadda ke aiki a Janeba, ta ba shi suna a wajejen 1921, amma sai a 1967 Thomas Reese da Morris Karnovsky na jami'ar Harvard suka gan shi da madubin lantarki.

Abin da suka gani shi ne ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe cikin jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa a ɗinke suke da juna, ba kafar da ruwa zai bi. A hanta ko ƙoda bangon jijiya na da ƙananan ramuka. A ƙwaƙwalwa wasu furotin, babbansu kilodin-5, sun liƙe kowace mahaɗa. Sukari da sauran abinci sai an ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ta hanyoyi na musamman, kuma akwai famfunan da ke mayar da baƙin sinadarai cikin jini. Bayan wannan bango akwai shimfiɗar furotin, akwai wasu ƙwayoyi da suka rungume jijiyar, sannan can daga waje ƙwayoyin astirosait, masu siffar tauraro, sun jera ƙafafunsu sun kewaye ta. Wannan tsaro ne ya sa akasarin magunguna ba sa kaiwa ƙwaƙwalwa. Idan aka ɗura wa mutum maganin antibodi, wato furotin irin wanda garkuwar jiki ke ƙerawa, a jini, abin da ke ƙetarewa bai wuce kashi ɗaya cikin dubu ba.

Shekaru da dama an tafi a kan cewa sojojin jiki ba su da hurumi a ƙwaƙwalwa sam. Gwajin Peter Medawar na 1948 ya ƙarfafa hakan, domin ya dasa baƙuwar fata a ƙwaƙwalwar zomaye, jiki bai yaƙe ta ba. Sai a shekarun 1980 zuwa farkon 1990 Hartmut Wekerle a Jamus da William Hickey a Amurka suka nuna cewa ƙwayar T, ɗaya daga fararen ƙwayoyin jini, idan aka riga aka zaburar da ita, tana iya ƙetare shingen ko da lafiyarsa lau, ko da kuwa ba abin da take nema a ƙwaƙwalwa. Ruwan ƙwaƙwalwar lafiyayyen mutum ma ɗauke yake da 'yan fararen ƙwayoyi, ba su wuce biyar ba a kowace maikurolita, galibinsu ƙwayoyin T masu sintiri. A 2015 ƙungiyoyi biyu, ɗaya a Bajiniya ɗaya a Helsinki, suka bayyana magudanan da ke cikin tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, masu kai ruwa da labari zuwa kaluluwar wuya. Wato ƙwaƙwalwa da garkuwar jiki kullum suna cikin magana, sai dai a bakin ƙofa suke yin ta.

Yadda ƙwayar T ke shiga abin kallo ne, kuma an kalle shi. A 2009 masu bincike a cibiyar Max Planck kusa da Munik suka sa wa ƙwayoyin T alama mai ƙyalli, suka ɗauki hotonsu suna motsi a jijiyoyin lakar ɓera mai rai. Ba a ƙananan jijiyoyin da suka fi siranta abin ke faruwa ba, a waɗanda ke biye da su ne, inda jini ya fara komawa zuciya kuma gudunsa ya ragu. Irin jijiyar da Rindfleisch ya gani ke nan. Ƙwayar na tafe cikin jini sai ta taɓa bango, ta ɗan mirgina a kansa. Idan wurin na kumburi, bangon ya riga ya baje wasu sinadaran kira da wani furotin mai suna VCAM-1. Ita kuma ƙwayar tana da ƙugiya a jikinta, intagirin alfa-4. Da sinadarin kira ya taɓa ta, cikin ƙiftawar ido ƙugiyar ta buɗe ta cafke VCAM-1, ƙwayar ta tsaya cak duk da jinin da ke ture ta. Daga nan ta baje jikinta, ta kama rarrafe da taimakon wata ƙugiyar, sau da yawa tana fuskantar inda jini ke fitowa, tana laluben wurin da zai karɓe ta. Idan ta samu, ko dai ta kutsa ta mahaɗar ƙwayoyi biyu, ko kuma ta huda tsakiyar ƙwaya guda ta fita ta ɗaya gefen, ramin ya rufe a bayanta.

Duk da haka ba ta shiga ƙwaƙwalwa ba tukuna, kuma a nan ne zancen ya fi muhimmanci. Tsakanin bangon jijiya da jerin ƙafafun astirosait akwai ɗan fili. Britta Engelhardt ta jami'ar Bern a Suwizalan ta shafe shekaru tana jaddada cewa shingen hawa biyu ne. Wannan fili zaure ne: baƙo na iya shiga, ya zauna, a gaisa, amma cikin gida sai da izini. A zauren akwai ƙwayoyin makurofaj da ke riƙe da gutsattsarin abin da suka tsinto daga ƙwaƙwalwa. Ƙwayar T da ta zo sintiri za ta duba, idan ba ta ga abin da ta sani ba sai ta wuce ko ta mutu a wurin, ba wanda ya ji labari. Idan kuwa ta ga gutsuren da aka horar da ita ta ɗauke shi abokin gaba, sai ta sake zabura. Ta fitar da sinadaran da ke kiran 'yan uwanta, bangon jijiya ya ƙara baje VCAM-1, dubbai su biyo baya. Wasu enzayim guda biyu, MMP-2 da MMP-9, su yanke abin da ya ɗaure ƙafafun astirosait, hanya ta buɗe. A gwajin ɓeraye, muddin ƙwayoyin na tsare a wannan fili dabbar kan ci gaba da tafiya lafiya. Shanyewar jiki na farawa ne bayan sun ƙetare hawa na biyu.

Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Ƙungiyar Alexandre Prat a Montiriyal ta nuna a 2007 cewa wani rukunin ƙwayoyin T, da ake kira Th17, na fitar da sinadaran da ke kwance ɗinkin bangon kansa. Bango ya fara yoyo, abubuwan da ke cikin jini su kwararo. Daga cikinsu akwai fibirinojin, furotin da ke daskarar da jini, wanda Katerina Akassoglou ta nuna yana harzuƙa maikurogiliya, masu gadin da ke zaune a ƙwaƙwalwa tun kafin haihuwa, yana kuma hana ƙwayoyin da ke gyaran mayelin yin aikinsu. Wannan yoyon ne likita ke nema idan ya yi wa majiyyaci allurar gadoliniyam kafin hoton MRI. Sinadarin ba ya ƙetare lafiyayyen shinge, don haka duk inda ya haska, sabon tabo ne. Hasken kan ɗauki makonni kaɗan ya ɓace. Da aka riƙa ɗaukar hoto wata bayan wata, aka gano sababbin tabbai na fitowa ninki biyar zuwa goma fiye da yadda majiyyaci ke jin cutar ta tashi.

Yana da kyau a faɗa cewa akasarin wannan bayani daga dabbobi aka samo shi, ta wata cuta da ake haddasa musu da gangan tun gwajin Thomas Rivers a kan birai a 1933. Ba daidai take da ta mutane ba. A ɓera ƙwayoyin T masu alamar CD4 ne ke jagoranci, a tabban mutane kuwa masu alamar CD8 sun fi yawa. Magunguna da yawa sun warkar da ɓeraye suka kasa a asibiti.

Wa ya horar da waɗannan ƙwayoyi su tsani mayelin? Gado na da hannu: an gano wurare sama da 200 a ƙwayoyin gado da ke ƙara haɗarin, kusan dukansu kan garkuwar jiki suke. Shan taba, ƙarancin bitamin D da ƙiba a ƙuruciya su ma an tabbatar da alaƙarsu. Amma hujja mafi ƙarfi ta fito a 2022, daga Alberto Ascherio da Kjetil Bjornevik na Harvard. Sun bi jinin da rundunar sojan Amurka ta adana na matasa fiye da miliyan 10 cikin shekara 20. Daga cikin 801 da suka kamu da MS aka kuma gwada jininsu, mutum ɗaya tak ne bai kamu da bairos ɗin Epstein-Barr ba kafin cutar ta bayyana. Kamuwa da shi ta ninka haɗarin sau 32. A wannan shekarar masu bincike a Stanford suka nuna wani furotin na bairos ɗin ya yi kama da wani furotin na ƙwaƙwalwa, har antibodin da aka ƙera domin na farko kan kama na biyu. Shi wannan bairos an gano shi ne a 1964 a cikin ƙwayoyin wata sankarar yara da Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda. Kusan kashi 95 cikin ɗari na manya a duniya na ɗauke da shi, yana ɓoye a ƙwayoyin B, fararen ƙwayoyin jini masu ƙera antibodi, har ƙarshen rayuwa, don haka shi kaɗai bai isa ya jawo cutar ba.

Gwajin gaskiya ga duk wannan ilimi shi ne magani. A 1992 Ted Yednock da Lawrence Steinman da abokan aikinsu suka shimfiɗa yankakken naman ƙwaƙwalwar ɓera mai kumburi, suka zuba masa fararen ƙwayoyin jini, ƙwayoyin suka manne wa jijiyoyi. Suka yi ta gwada antibodi iri-iri har suka dace da wanda ya hana mannewar: wanda ke toshe intagirin alfa-4. Daga nan aka samo natalizumab, ƙarin ruwa sau ɗaya a mako huɗu. A babban gwajinsa ya rage tashin cutar da kashi 68 cikin ɗari, ya rage ci gaban nakasa da kashi 42 cikin shekara biyu, abin da ba a taɓa gani ba a lokacin. Amurka ta amince da shi a Nuwamban 2004. A Fabrairun 2005 aka janye shi daga kasuwa. Mutum uku da aka ba maganin sun kamu da wata muguwar cutar ƙwaƙwalwa da ake kira PML, biyu suka rasu.

Bairos ɗin JC ne ke jawo ta, wanda kusan rabin manyan mutane ke ɗauke da shi ba tare da sun sani ba. Sintirin nan na ƙwayoyin T ne ke danne shi a ƙwaƙwalwa. Da aka garƙame ƙofa aka hana masu ɓarna shiga, masu gadi ma sun rasa hanya. An dawo da maganin a 2006 bisa tsauraran sharuɗɗa: ana gwada jini a ga ko majiyyaci na ɗauke da bairos ɗin, ana sa ido sosai bayan shekara biyu, wasu kuma ana ba su duk mako shida domin 'yan ƙwayoyi su samu sararin wucewa. Idan aka daina shi kwatsam, cutar kan dawo da ƙarfinta, wani lokaci fiye da da. Babu abin da ya koya wa likitoci darajar wannan sintiri kamar waɗancan mutum uku.

Sauran magungunan sun bi ta wasu hanyoyin. Fingolimod, wanda aka samo tushensa daga wata funfuna mai tsiro a jikin ƙwari, aka kuma amince da shi a 2010, yana tsare fararen ƙwayoyi a cikin kaluluwa, ba su ma fito jini ba. Abin mamaki ya zo a 2008, da Stephen Hauser na San Faransisko ya ba masu MS rituximab, maganin sankarar jini da ke share ƙwayoyin B. Sababbin tabbai suka ragu da kashi 91 cikin ɗari, kuma cikin sauri, tun kafin antibodin da ke ruwan ƙwaƙwalwa ya ragu. Hakan ya nuna ƙwayoyin B, maɓoyar bairos ɗin Epstein-Barr, su ne ke zuga ƙwayoyin T. Ɗan uwan rituximab, ocrelizumab, ya samu amincewa a 2017.

Da waɗannan magunguna, matashin da aka gano cutarsa da wuri yana iya shafe shekaru ba ta tashi ba, hoton MRI bai nuna sabon tabo ba. To amma wasu duk da haka tafiyarsu na ƙara nauyi a hankali, hannu na ƙara rawa, tunani na ƙara jinkiri. Hans Lassmann na Biyana, wanda ya daɗe yana nazarin ƙwaƙwalwar waɗanda suka rasu da cutar, ya bayyana dalilin: bayan shekaru shingen kan gyaru, ya rufe da masu ɓarna a ciki. A 2004 Barbara Serafini da Francesca Aloisi a Roma suka tarar da tarin ƙwayoyin B sun yi sansani a tantanin ƙwaƙwalwar wasu majiyyata, daga baya kuma aka ga naman da ke ƙarƙashinsu yana lalacewa. Wasu tsofaffin tabban ma ba su mutu ba, gefensu na ci a hankali, maikurogiliya cike da sinadarin ƙarfe sun kewaye su. Gadoliniyam ba ya nuna su domin babu yoyo, maganin antibodi kuma ba ya isa gare su. Shingen da aka yi ta neman rufewa ya koma kare cutar daga magani.

Nan ne fagen ya koma yanzu. Ana gwada ƙananan magunguna masu iya ƙetarewa su toshe wani enzayim da ake kira BTK, wanda ƙwayoyin B da maikurogiliya ke dogaro da shi. Sakamakon ya zo a gauraye. Evobrutinib ya kasa a 2023. Tolebrutinib kuwa, a gwajin da aka wallafa a 2025, ya rage haɗarin ci gaban nakasa da kashi 31 cikin ɗari ga waɗanda cutarsu ta daina tashi ta koma ci a hankali, sai dai ya illata hantar wasu. Ci gaba ne, amma da sauran tafiya, kuma duk maganin da aka buɗe wa ƙofar ƙwaƙwalwa dole a auna shi da tsanaki fiye da na baya.

An daɗe ana cewa MS cutar Turawa ce, kuma gaskiya ne ta fi yawa a arewacin Turai da Kanada. Sai dai wani bincike a Kalifoniya a 2013 ya gano mata baƙaƙen fata sun fi farare kamuwa da ita. Ƙarancin alƙaluman Afirka bai rasa nasaba da ƙarancin na'urorin MRI da likitocin jijiya ba. Akwai kuma wata cuta mai kama da ita, NMO, da ta fi kama 'yan asalin Afirka da gabashin Asiya, mai faɗa wa jijiyar ido da laka. Vanda Lennon ta asibitin Mayo ta gano a 2004 da 2005 cewa antibodi ne ke kai hari kan akwaforin-4, hanyar ruwa da ke kan ƙafafun astirosait, wato hawa na biyu na shingen. Bambance su ba ƙaramin abu ba ne, domin natalizumab da fingolimod na iya tsananta NMO. Rituximab yana aiki a kan duka biyun, kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi, tare da cladribine da glatiramer, cikin jerin muhimman magungunan MS. Matashin da ido ɗaya ya yi masa hazo da ciwo, ko wani sashen jikinsa ya mutu fiye da kwana guda sannan ya farfaɗo, kada ya bari don abin ya lafa. Ya nemi likitan jijiya, a ɗauki hoton MRI na kai da laka, a kuma gwada jininsa don akwaforin-4 kafin a fara kowane magani na dogon lokaci.